Furen Asta: Yadda Ake Renonsa Daga Iri Har Ya Buɗe

Da yawa daga cikin masu sayen ƙunshin irin asta hoton da ke jikin takardar ne ke jan su. Su kai shi gida, su watsa a ƙasa da faɗuwar ruwan farko, su zauna jiran fure. Abin da ke biyo baya yawanci ruɓa ce da yaushi, sai a ce irin na bogi ne. Sau da yawa kuwa irin lafiyarsa ƙalau, lokacin shukar ne bai dace ba. Asta furen sanyi ne, a ƙasarmu kuwa sanyi baƙo ne da ba ya wuce wata uku zuwa huɗu. Wanda ya daidaita shukarsa da wannan ɗan tsakani ya gama rabin aiki.

Astan da ake nufi a nan shi ne mai rayuwar zango ɗaya: ya tsiro, ya yi fure, ya ba da iri, ya mutu, duk cikin wata huɗu zuwa biyar. Masana tsirrai na kiransa Callistephus chinensis, kuma dangi ɗaya yake da latas da shuwaka. Asalinsa ƙasar Sin ce da Koriya. A ƙarni na 18 aka kai irinsa Faransa, daga nan masu lambu a Turai suka yi ta zaɓe har aka samu fari, ruwan hoda, ja, shuɗi da shunayya, wani mai falle ɗaya da tsakiya rawaya, wani cunkushe kamar tuntu. Akwai gajere wanda ba ya wuce santimita 25, wanda ya dace da tukunya, akwai dogo mai kusan mita guda wanda ake yanka don ado. Kada a rikita shi da astan da ke shekara da shekaru a ƙasa ana raba saiwarsa. Wancan tsiro ne daban, renonsa ma daban.

Yana son rana mai zafin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, da dare mai kamar 15 zuwa 17. A Kano ko Katsina ko Maraɗi ko Damagaram, hunturu kaɗai ke ba da wannan. Daga shuka zuwa fure wata uku ne da rabi zuwa huɗu, zafin bazara kuma da shigar Maris yake fara kunno kai. In ka ƙirga baya za ka ga lokacin zuba iri shi ne tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, dashe ya faɗo ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, fure ya buɗe wajajen Fabrairu. Wanda ya makara har Janairu, ya ajiye kuɗinsa kawai. Mutanen Jos da Mambila sun fi kowa sarari saboda sanyin tudu, amma su ma su guji barin fure ya buɗe a tsakiyar ruwan Agusta, domin cunkusasshen fure yana shan ruwa ya yi nauyi ya ruɓe.

Sai batun iri. Irin asta ba ya jimirin ajiya. Bayan shekara guda ƙarfin tsirarsa yakan ragu ƙwarai, ballantana wanda ya kwana a shagon kwano cikin zafi. Duba kwanan watan da ke jikin ƙunshin kafin ka biya. In kana shakka, ɗauki ƙwaya goma ka naɗe a tsumma mai danshi ka ajiye a inuwa. In bayan mako biyu ko ƙwaya biyar ba su fashe ba, nemi wani. Ba a bukatar mai yawa, giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya ɗari huɗu ko fiye. Game da nau'i kuwa, Matsumoto na kamfanin Sakata na Japan ya yi suna wajen jure cutar yaushi. A Indiya, inda manoman jihohin Karnataka da Maharashtra ke noman asta gona-gona don kasuwar furanni, cibiyar binciken kayan lambu da ke Bangalor ta fitar da nau'o'i irin su Arka Kamini mai ruwan hoda da Arka Poornima fari. A ganina, wanda ya samu hanyar sayen waɗannan ya fi kusa da dacewa, tunda a ƙasa mai yanayi kusa da namu aka zaɓe su.

Duk wanda ya taɓa renon tumatir na rani ya riga ya san yawancin aikin. A haɗa ƙasa mai laushi da rairayi da takin gargajiya da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya-ɗaya, a tankaɗe, a zuba a faranti mai huji ko ƙananan ledojin reno. A jiƙa ƙasar tukuna, sannan a jera irin a sama, a barbaɗa masa ƙasa ɗan kaɗan, kauri bai wuce milimita uku ba. Zurfafa shi kashe shi ne. Oktoba har yanzu da sauran zafi, don haka a ajiye renon a ƙarƙashin rumfar zana ko gindin bishiya inda hantsi kawai ke taɓa shi. Ban-ruwa da gwangwani mai ƙananan huji, a hankali, don kada ruwa ya tono irin. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. Daga nan a rage ruwa, a ƙara masa haske da iska. Tsiron da ka wayi gari ka tarar ya kwanta, wuyansa ya sirance ya yi baƙi, yawan ruwa ne da cunkoso suka jawo masa funfuna. Cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi, ka sassauta wa sauran.

Idan ya yi ganye huɗu na gaskiya, wato bayan kwana 30 zuwa 40, ya isa dashe. Kada a bar shi ya tsufa a leda, domin wanda saiwarsa ta nannaɗe yakan tsumbure ya yi fure tun yana ƙarami. A dasa da yamma, a ɗauke shi da ƙasarsa, kada a binne wuyansa fiye da yadda yake a da. Tazarar santimita 30 ga dogo, 20 ga gajere. Wurin ya zama mai samun rana, ƙasar kuma wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. In laka ce, a ɗaga kunya. A kuma yi shinge tun kafin dashe, don akuya da kaji ba su san tsadar iri ba.

Saiwar asta a sama-sama take, wannan ne ya sa iskar hunturu ke saurin galabaitar da shi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa a gindinsa don riƙe danshi, a riƙa leƙawa saboda gara. Ciyawa kuma da hannu za a cire, fartanya tana yanke saiwa. Ruwa a gindi, da safe, ba a kan ganye ba. Taki kaɗan ya isa: ɗan cokalin shayi na NPK 15-15-15 nesa kaɗan da kara, mako biyu bayan dashe, a maimaita idan ya fara ƙunshe fure. Yuriya mai yawa ganye za ta ba ka da kara mai taushi da kwari.

Akwai wani abu da takardar iri ba ta faɗa, domin an rubuta ta ne don mutanen da rana ke daɗewa a sama lokacin shukarsu. Asta yana tsawaita kara idan yini ya yi tsawo, yana hanzarin fure idan yini ya gajarta. A Disamba yininmu bai cika awa goma sha biyu ba, don haka nau'in da aka ce zai kai santimita 80 yana iya tsayawa a rabin haka ya buɗe. Ga mai son ado a tsakar gida, wannan ba matsala ba ce. Mai son dogon kara don sayarwa sai ya yi abin da manyan masu noman fure ke yi: ya rataya ƙwan lantarki, ko na sola ne, a saman shukar na awa uku zuwa huɗu bayan magariba, tun daga dashe har kara ya kusa tsawon da yake so, sannan ya daina. Tsinke kan tsiron wajen wata guda bayan dashe yana sa ya yi rassa da furanni da yawa, amma ƙanana, kuma yana ɗan jinkirta su. Dogon nau'i yana bukatar tokari da kara ko sanda.

Babban abokin gabarsa cutar yaushi ce ta fusariyam, funfunar da ke zaune a ƙasa tana shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa. Za ka ga shuka ta yi laƙwas, sau da yawa ta gefe ɗaya, alhali ƙasa na da danshi. In ka tsaga karan, cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Ba ta da magani, kuma ƙara ruwa ƙara mata ƙarfi ne. A tumɓuke a ƙone, kada a jefa a ramin taki. Tana shekaru a ƙasa, shi ya sa ba a maimaita asta a wuri ɗaya sai bayan aƙalla shekara huɗu, ƙasar tukunya kuma a sauya ta duk shekara. Ɗanyen kashin dabbobi da ƙasa mai zafi duk suna taimaka mata, wani dalilin ke nan na gama harka kafin bazara. Cuta ta biyu ita ce mai sa ganye ya yi rawaya, shuka ta tsumbure, fure ya fito kore-kore a murɗe. Wasu ƙananan kwari masu tsalle ne ke yaɗa ta, ita ma tumɓukewa ce maganinta, tare da share ciyayin kewaye. Darɓa kuwa, ruwan jiƙon dakakkun 'ya'yan dogonyaro da ɗan sabulu yana rage ta, a fesa da yamma.

Furen da za a sa a kwalba a yanke shi da sassafe yana rabin buɗewa, a zage ganyen ƙasa, a riƙa sauya ruwa. Yana kai mako guda ko fiye. Asta ba ya sake tofowa sosai bayan an yanke shi, don haka mai son fure ya daɗe sai ya raba irinsa kashi biyu ko uku, ya zuba da tazarar kwana goma.

A bar 'yan furanni mafi kyau a kan shuka mafi lafiya su bushe har tsakiyarsu ta yi gashi-gashi, a murje, a shanya a inuwa, a rufe a kwalba a wuri mai sanyi. Launi na iya cakuɗewa in nau'o'i daban-daban na kusa da juna. Rubuta wata da shekara a jikin kwalbar, kuma ka shuka shi a Oktoba mai zuwa, kada ya shekara biyu.