DARASI: Labarin Kiki Mai Tsintsiya da Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani



'Yan'uwa, darasinmu na yau kan katun ɗin Japan ne, irin waɗanda yara ke kallo a waya. Zan ɗauki misali ɗaya mu bi shi tun daga tushe, don ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi.

A 1985 wata marubuciya 'yar Japan, Eiko Kadono, ta fitar da littafin yara mai suna Majo no Takkyubin. Labarin Kiki ne, yarinya 'yar shekara 13 da ta gaji tsafi daga mahaifiyarta. A al'adarsu, idan yarinya ta kai wannan shekarun sai ta bar gida ta yi shekara guda a wani gari tana ci da kanta. Kiki ba ta iya komai ba sai tashi sama a kan tsintsiya. Ta tafi da baƙar magenta Jiji, ta sauka wajen wata mai gidan burodi, ta kama sana'ar kai wa mutane saƙo.

A 1989 Hayao Miyazaki na kamfanin Studio Ghibli ya mayar da littafin katun. Amma bai tsaya kan abin da ke rubuce ba. Shi ya ƙara cewa Kiki ta karaya, tashin ya gagare ta, har ta daina jin maganar magenta. A 2014 kuma Takashi Shimizu, wanda aka fi sani da finafinan ban tsoro, ya sake yin labarin da mutane na gaske.

Darasi na farko: labari ɗaya ne, amma baki uku ya faɗe shi, kowa da abin da ya ƙara. Don ka ga ɗaya ka yarda da shi, ba shi ne ka san sauran ba. Sunan fim ba ya wanke fim.

Na biyu: mu yi adalci. Akwai alheri a labarin nan. Yarinya ce mai neman na kanta, mai riƙon amanar kayan mutane, mai girmama tsofaffi. Kuma kalmar majo ba mayyar da muka sani ba ce mai kama kurwa. Hoton mace kan tsintsiya da baƙar mage daga tatsuniyoyin Turai Japanawa suka aro shi.

Na uku, kuma nan ne damuwata: labarin ya nuna tsafi a matsayin baiwa mai kyau da ake gada. Mu kuwa mun san aya ta 102 a Suratul Baƙara ta danganta koyar da sihiri ga shaiɗanu, kuma Annabi (SAW) ya lissafa shi cikin abubuwa bakwai masu halakarwa. Babba zai ce ai tatsuniya ce. Yaro ɗan shekara 5 fa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, ya za a yi? Shawarata ita ce ka riga yaro kallo. In ka ga ba ka natsu ba, ka hana, amma ka faɗa masa dalili. In ka bari, ka zauna tare da shi. Ka tambaye shi: “Me ya sa mutanen garin suka yarda da Kiki, tsintsiya ce ko riƙon amana?” Sannan ka gaya masa a fili cewa tashi kan tsintsiya ƙirƙira ce, sihiri kuwa haramun ne, kuma babu mai amfanarwa ko cutarwa sai da izinin Allah.

Ni ba na tsoron katun kamar yadda nake tsoron a miƙa wa yaro waya a juya baya. Kiwo aka ba mu, kuma za a tambaye mu.

Allah ya shirya mana zuri'a. Wallahu a'alam.