Ceto Bayanan Bincike Daga Rumbun Kwamfuta Mai Shirin Lalacewa: Darasi Ga Manazarta Adabin Baka A Ƙasar Kabi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda rumbun ajiyar kwamfuta ke lalacewa, da matakan da manazarci zai bi ya ceto muryoyi da hotuna da rubuce-rubucen da ya tattaro a fagen bincike. An ɗauki Gulma da kewayenta a Ƙaramar Hukumar Argungu a matsayin misali.

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Kabi na da wadatar adabin baka. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Sai dai kirarin masunta da tatsuniyoyi da karin harshen Kabanci da ake ji a garuruwan fadama irin Gulma, mafi yawansu a bakin dattawa suke. Manazarcin da ya naɗi muryar dattijo, daga baya dattijon ya rasu, fayil ɗin da ke cikin kwamfutarsa ya zama shi kaɗai ne shaida. Idan rumbun ya mutu, babu wanda za a koma wa.

2.0 Yadda Rumbun Yake Da Yadda Yake Lalacewa

Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irin wannan rumbu a 1956. A cikinsa akwai faifai mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi dab da fuskar faifan tana karatu da rubutu ba tare da ta taɓa shi ba. Faɗuwa ko girgiza na iya sa allurar ta karce faifan, kuma wurin da ta karce ya tafi ke nan. Zafin bazara, da ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, da hawa da saukar wutar janareto, duk suna gaggauta matsalar.

Lalacewar iri biyu ce. Ta farko ita ce rikicewar jadawalin da ke nuna mazaunin kowane fayil, alhali na'urar lafiya lau take. Ta biyu ita ce lalacewar na'urar kanta. Alamominta sun haɗa da ƙarar ƙas-ƙas, da nauyin buɗe fayil, da sandarewar kwamfuta, da gargaɗin tsarin SMART da rumbun ke duba lafiyarsa da shi.

3.0 Matakan Ceto

Mataki na farko shi ne a kashe kwamfutar. Rumbun da ya fara lalacewa, duk juyin da ya yi ƙara masa rauni yake. Kada a saka sabuwar manhaja a kansa, domin tana iya hawa kan gurbin fayilolin da ake nema. Kada a goge shi ko da Windows ta nemi a yi hakan, kada kuma a bi shi da manhajar gyara irin chkdsk, wadda ke yin rubutu a kan faifan. Sanya shi cikin firiji, kamar yadda wasu ke ba da shawara, raɓa yake jawowa.

Na biyu, a tantance irin matsalar. Idan yana ƙara ko ya ƙi juyawa, aikin na ƙwararru ne masu ɗaki na musamman marar ƙura. Buɗe murfinsa a shago kan ƙarasa shi.

Na uku, idan kwamfuta na ganinsa, a ɗauki kwafinsa baki ɗaya zuwa wani lafiyayyen rumbu da bai gaza shi girma ba. Manhajar GNU ddrescue, wadda kyauta ce kuma ke aiki a kan Linux, don wannan aka yi ta: tana fara kwashe wurare masu lafiya, sannan ta koma kan masu rauni, tana kuma ajiye lissafin inda ta tsaya, ta yadda ko wuta ta ɗauke za a ci gaba daga nan. A nan sai an kula kada a juya sunayen rumbunan biyu, domin kuskuren zai shafe abin da ake son cetowa.

Na huɗu, a yi sauran aikin a kan kwafin. TestDisk na maido da jadawalin da ya rikice. Idan ya faskara, PhotoRec na zaƙulo fayiloli ta hanyar gane siffarsu, amma tana dawo da su babu sunayensu na asali.

4.0 Matsalolin Da Suka Keɓanta Da Nazarin Hausa

Murya da ta dawo da lamba a madadin suna ta rasa rabin amfaninta, idan ba a san mai magana da gari da rana ba. Don haka ya kamata manazarci ya faɗi waɗannan da bakinsa a farkon kowane naɗi, ya kuma rubuta su a littafinsa.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an buga kundaye da dama da zubin haruffa na musamman, irin wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990. Idan aka ceto irin wannan kundi aka bar zubin haruffan, wasu alamomi ne za su fito a gurbinsu, har a kasa bambanta ƙafa da kafa. Wajibi ne a ceto su tare, sannan a mayar da rubutun zuwa Unicode.

5.0 Kammalawa

Ceto ba shi da tabbas, kuma rigakafi ya fi magani. Ƙa'idar da masu adana bayanai ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Mai bincike a Gulma na iya barin ɗaya a kwamfutarsa, ɗaya a rumbun hannu, na uku a sashensa a Birnin Kebbi ko Sakkwato. Ya dace sassan Hausa su riƙa karɓar muryoyin da ɗalibi ya naɗa tare da kundinsa, su kuma riƙa buɗe su lokaci-lokaci don tabbatar da suna nan.