Daga Magudanan Bunkure Zuwa Dajin Falgore: Darasi a Kan Tsauni, Daji da Ruwa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bunkure ko Kura a tsakiyar rani zai ga abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba a wannan wuri, wato ruwa yana gudu a magudanai a watan Fabrairu, gonakin tumatir da albasa da alkama sun yi kore shar, alhali kuwa rabon sama da zubar da ko ɗigo tun watan Oktoba. Na sha tambayar ɗalibai daga ina wannan ruwa yake. Amsar kullum ita ce, daga madatsar ruwa ta Tiga. To, ita Tiga fa, wa ya ba ta? A nan ne aji kan yi tsit.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma a lokacin da aka gina ta tana iya riƙe ruwan da ya kusa cika mita mai kusurwa biliyan 2. Kogin Kano ne ke cika ta, shi kuwa ya faro ne daga gindin tsaunukan Jos, ya gangaro ta ƙasar tuddai da ke kudancin Jihar Kano, ya ratsa Dajin Falgore kafin ya iso Tiga. Ke nan ɗalibin Bunkure da ya ziyarci Falgore da duwatsun Riruwai ya je ne ya ga mafarin ruwan da ke shayar da gonar gidansu.

Dajin Falgore yana kan hanyar Kano zuwa Jos wadda ta bi ta Tudun Wada, kuma ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 920. Turawan mulki ne suka fara keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanya shi cikin dazuka 10 da ta amince a ɗaga su zuwa matsayin gandun daji na ƙasa.

Abin da tsayi ke yi wa yanayi

Abu na farko da matafiyi zai lura da shi shi ne ƙasa tana hawa. Birnin Kano bai cika mita 500 a kan bakin teku ba, amma ƙololuwar duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ta haura mita 1,000. Ƙa'ida ce ta kimiyya cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6. Dalili kuwa shi ne iskar da ta tashi sama takan sami sarari ta buɗe, idan ta buɗe sai ta huce. Iska mai sanyi kuma ba ta iya riƙe laima kamar mai zafi, saboda haka idan iskar damina ta taso daga kudu ta ci karo da tsauni, sai ta hau, ta yi sanyi, ta sauke ruwanta. Wannan, tare da kasancewar yankin a kudu, shi ya sa daminar Doguwa ta fi ta Bunkure tsawo da yawan ruwa.

Wanda ke son ganin iyakar wannan al'amari a Nijeriya sai ya nufi gandun Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991, kuma shi ne mafi girma a ƙasar. A can ne tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa da kansa: bambancin tsayi tsakaninsa da Kano ya kusa mita 2,000, wato sanyin digiri 12 ke nan. Sai dai tafiyar tana da nisa da tsada, ga Falgore kuwa a bayan gida.

Itatuwan da za a duba

A Bunkure itatuwan da ake gani su ne waɗanda manomi ya ga dama ya bari, irin su ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo. A Falgore kuwa daji ne ya zaɓi nasa. Sarkinsu shi ne doka, wadda takan yi cincirindo a wuri guda har ta kusa hana wasu sakat. Masana tsirrai suna kiran ta Isoberlinia doka, wato sunan Hausa ne ya shiga littattafan kimiyya na duniya. Tare da ita akwai maje da kaɗanya da taura da baushe da ƙirya.

Ina roƙon malami ya dakata a gindin doka ya bar ɗalibai su yi kallo da kyau, domin rabin darasin a nan yake. Su taɓa ɓawon itatuwan wurin, za su ji yawancinsu da kauri da kaushi, wasu ma da baƙin tabon wuta. Wannan daji ne da ya saba da gobara duk shekara, itacen da ba shi da rigar da za ta kare shi ya daɗe da ƙarewa. Ita doka ko an sare ta ko ta ƙone, saiwarta takan sake tofo, shi ya sa ake ganin ta rukuni-rukuni. Wani abin sha'awa kuma, takan fitar da sabon ganye jaja-jaja a ƙarshen rani tun ruwa bai sauka ba, da abincin da ta adana a saiwa. Amma wuta ma iri biyu ce. Wadda aka sa da farkon rani, ciyawa da sauran ɗanyenta, takan lashe sama-sama ta wuce. Wadda ta tashi a watan Maris kuwa, komai ya bushe ƙayau, ita ce ke kashe ƙananan itatuwa ta bar ƙasa tsirara.

Idan aka gangara bakin rafi sai a ga daji ya sake kama: itatuwa sun fi tsawo, inuwa ta yi duhu, ganye bai zube ba. Wannan shi ne kurmi. Ɗalibai su auna fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi a kan tudu, su auna wani irinsa a kurmi, su ƙirga itatuwan kowanne da ire-irensu, su rubuta. Igiya da turaku huɗu sun isa.

Game da namun daji, kada a yi wa yara alkawarin da ba za a cika ba. A da an san dajin da ɓauna da gwanki da mazo da gada, amma farauta da kiwo da saran itace sun yi musu mummunar illa. Abin da ake sa rai shi ne birai da tsuntsaye da guza, sai kuma sawu da kashi a bakin ruwa, waɗanda su ma littafi ne ga mai iya karatu.

Komawa ga ruwan Bunkure

Ga gwajin da za a yi a makaranta kafin a tashi. A sami faranti biyu masu faɗi, a cika ɗaya da ƙasa zalla, ɗayan kuma da ƙasar da aka yanko da ciyawarta. A jingine su a karkace, a zuba wa kowanne ruwa kofi ɗaya daga sama, a tari abin da ya gangaro. Na farko zai ba da ruwa mai yawa, jawur, nan take. Na biyu zai ba da kaɗan, mai haske, a hankali. Abin da dajin Falgore ke yi wa Kogin Kano ke nan. Ganye yana karya ƙarfin ruwan sama, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwa yana samun damar nutsewa ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka bayan damina ta wuce. Idan aka sare dajin don gawayi, ƙasar da ta zaizaye ba ta da wurin zuwa sai cikin Tiga, ta kwanta a ƙasan madatsa tana cinye wurin ruwa. Laka kuma idan ta taru a magudanai, kacalla takan samu wurin zama ta toshe su, manomin da ke ƙarshen layi shi ke fara rasa ruwa. A ganina mai sayen buhun gawayi a bakin hanyar Falgore da mai noman tumatir a Bunkure sau da yawa mutum ɗaya ne, bai dai san hannunsa na dama yana cutar na hagu ba.

Shirin tafiya

Ba a shiga wannan daji da ka. A shekarun 2010 ya yi ƙaurin suna wajen ɓarayin shanu da masu satar mutane, don haka wajibi ne makaranta ta nemi izini a rubuce daga hukumar da ke kula da shi, ta ji shawarar jami'an tsaro, kuma a tafi da ma'aikacin gandun daji wanda ya san hanya. Idan suka ce a dakata, a dakata. Ana iya yin awon itatuwa da nazarin zaizayar ƙasa a duwatsun Rano da Rurum, kusa da gida. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciyawa ta kwanta kuma zafi bai tsananta ba. Kowane ɗalibi ya sa takalmi mai rufe ƙafa da dogon wando saboda kububuwa da kasa, kada ya cusa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ya riƙe ruwan sha aƙalla lita 2, da littafi da fensir. A fita da sassafe, a bar dajin kafin la'asar.