Amsoshin Tambayoyinku: Darasin Kwamfuta a Kan Allo

Wani mai sauraro daga unguwar Ama Hausa a birnin Inugu ya aiko da tambaya. Ɗansa yana darasin kwamfuta a sakandare, amma malaminsu a allo yake zana musu ita da alli. Yaya yaron zai yi da jarrabawar JAMB?

Malam, tambayarka ta yi ma'ana, domin tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB. Sai dai ba gwaninta ake nema ba. Yaro ya iya riƙe linzamin kwamfuta, ya danna amsa, ya wuce tambaya ta gaba yana duban lokaci. Ɗalibai da yawa, har a Anacha da Fatakwal, a shagon intanet na unguwa suke saba hannu da linzamin. Ka kai shi can kafin jarrabawa.