Idan Ma'aikacinka Ya Ji Rauni A Bakin Aiki, Wa Zai Biya?

Duk mai gidan bulo, mai injin casar shinkafa, mai gidan burodi ko mai garejin walda a Gwada ya san yadda abin yake faruwa. Bel ɗin inji ya fizgi hannun yaro, ko buhu ya danne ɗan dako wajen lodin mota, a ɗauke shi a guje zuwa Minna. Maigida ya biya kuɗin kati da na maganin makon farko, dangi su zo dubiya, a ce ƙaddara ce ta riga fata. Bayan wata biyu aljihun maigida ya gaji, yaron kuma ya koma gida da hannun da ba zai ƙara aiki ba. Akasari ba mugunta ba ce. Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ɗaukar nauyin naƙasasshe har ƙarshen rayuwarsa shi kaɗai ba, kuma dalilin da ya sa aka yi tsarin inshorar ma'aikata ke nan.

A watan Yunin 2024 ramin haƙar ma'adinai ya rufta da mutane a Galkogo, a nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Shiroro. Wanda ya bi labarin ya san cewa bayan an gama kuka, tambayar da ke saura ita ce wa zai ciyar da matan da 'ya'yan da aka bari.

Amsa ta farko, wadda doka ta wajabta, ita ce asusun diyyar ma'aikata na gwamnatin tarayya. A watan Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A da, nauyin diyya a wuyan maigida yake kai tsaye. Yanzu hukumar NSITF ce ke tara kuɗin, ita ke biya. Maigida yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata. A ce kana da ma'aikata 10, kowa na karɓar naira 80,000: jimilla 800,000 ke nan, abin da za ka zuba 8,000 ne a wata. Kuɗin daga aljihunka za su fito. Doka ta hana ka cire su daga albashin ma'aikaci, ta kuma hana ka sa shi ya amince cewa ya yafe haƙƙinsa na diyya.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa wannan tsari na manyan kamfanoni ne masu ofis da sakatare. Ba haka dokar ta ce ba. Ma'aikaci a wurinta shi ne duk wanda ka ɗauka aiki, ko da takarda ko da fatar baki, na dindindin ne ko na wucin gadi, har da mai koyon sana'a, har da mai aikin gida in ba ɗan gidanka ba ne. Wato yaron shagon da mahaifinsa ya kawo maka ya ce ga amana, yana ciki. A ganina wannan ne sashen da ya fi shafar Gwada, domin yawancin masu aiki a garin nan babu wanda ya taɓa rubuta musu takardar ɗaukar aiki.

Abin da asusun ke ɗauka ya fi yadda ake zato. Akwai kuɗin jinya da na gyaran gaɓa, kamar ƙafar roba. Akwai cutar da aiki ke jawowa a hankali, irin ciwon huhun mai shaƙar ƙurar dutse ko kurumtar mai wuni kusa da inji. Hatsarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki, kuma kowa ya san yawan masu zuwa aiki a kan babur daga ƙauyukan kewaye. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. In ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye da ke ƙarƙashinsa, su ma kashi 90 ne duk wata. Ba sai an tabbatar cewa laifin maigida ne kafin a biya ba.

Yin rajista ba ya buƙatar ɗan tsakiya. Ka je reshen hukumar da ke Minna da takardar rajistar kasuwancinka ta CAC da jerin ma'aikatanka da albashin kowa. In ba ka yi rajistar sunan kasuwanci ba, daga nan za ka fara. Duk abin da ka biya ka karɓi shaida ka adana. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya kuwa dama za a tambaye shi takardar shaidar NSITF.

Inda haƙƙi ya fi salwanta shi ne wajen lokaci da takardu. Ma'aikaci ko iyalinsa suna da kwana 14 su sanar da maigida raunin. Maigida yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma, in rasuwa ce kuma nan take. Takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara ɗaya, sai in akwai uzuri mai ƙarfi. Al'adarmu ta jira a ga yadda jikin zai yi, ko a fara kai mai karaya wurin mai ɗori, tana cinye waɗannan kwanaki ba a sani ba. Ko da iyali sun fi yarda da ɗorin gida, a fara zuwa asibiti likita ya duba ya rubuta rahoto, domin da rahoton likita ake auna naƙasa. Ka sayi littafi guda ka riƙa rubuta sunan kowane ma'aikaci, ranar da ya fara, abin da yake karɓa da magajinsa. Kada ka rage albashi a takarda don kuɗin wata su yi sauƙi. Da abin da ka rubuta za a lissafa diyyar marayu.

Bayan wannan sai inshorar kamfanoni masu zaman kansu, wadda ƙari ce a kan ta gwamnati, ba ta maye gurbinta. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wuraren aikin da ta shafa su yi wa ma'aikata inshorar rai ta rukuni, wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Bambancinta shi ne tana biya ko rasuwar ba ta da alaƙa da aiki. Akwai kuma inshorar hatsari ta rukuni, mai biyan dunƙulen kuɗi lokaci guda. Ita ce nake ba masu motocin doya da shugabannin 'yan dako shawara su bincika, domin ƙungiya za ta iya haɗa mambobinta ta nemi farashi ɗaya.

Na san akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da inshora ba saboda shubuhar riba da rashin tabbas a cikin ciniki. Damuwa ce ta gaskiya, kuma an yi mata hanya. Tun 2013 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanoni masu lasisi kamar Noor Takaful da Jaiz Takaful. A tsarin, kowa yana ba da gudummawa cikin asusu guda, a tallafa wa wanda masifa ta sama, in rara ta saura a raba wa mahalarta. Malaman da suka halatta shi suna kafa hujja da yadda shari'a ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin mutum gaba ɗaya, maimakon a bar shi da ita shi kaɗai.

Ko wane kamfani ka zaɓa, ka tabbatar sunansa yana cikin jerin masu lasisin NAICOM, ka biya ta asusun bankin kamfanin, kada ka danƙa wa wakili kuɗi a hannu. Ka sa a karanta maka shafin abubuwan da ba sa biya, ka tambaya ƙarara ko hatsarin babur da aikin rami da harin 'yan bindiga suna ciki, tunda mu a Shiroro ba za mu ce wannan bai shafe mu ba. Sannan ka ware wani ɗan kuɗi a gefe wanda ba a taɓawa, domin diyya sai an bi takardu take fitowa, motar zuwa Minna da ledar jini kuwa a daren ake biyansu. Rasiɗin duk abin da ka kashe a daren ka haɗa shi da rahoton likita a fayil ɗin ma'aikacin.