Yadda ake kai iyali Alƙahira ba tare da tikiti da otal sun cinye guzuri ba

A watan Nuwamba na 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma daga Masar ya taso. Jiragen sojan Ingila ne guda uku, da suka baro Helwan a kudancin Alƙahira, suka yi kwanaki suna yada zango kafin su iso. Yau tafiyar ba ta wuce awa huɗu da 'yan mintoci ba ga wanda ya hau jirgin EgyptAir daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Nisa ya ragu, amma ga magidanci mai son nuna wa iyalinsa Azhar da kogin Nilu da dalolin Giza, abin da ke tsayar da shi har yanzu lissafi ne. Mutum ɗaya kan ɗauki jakarsa ya tafi. Mutum biyar kuwa, duk nairar da ta ƙaru a kan tikiti sai an biya ta sau biyar.

Aikin yana farawa a gida, da takarda da biro, tun ba a buɗe waya ba. A rubuta duk wanda zai tafi da ranar haihuwarsa, domin kamfanonin jirgi da shekaru suke yanke farashi. Jaririn da bai kai shekara 2 ba, wanda za a riƙe a cinya, yawanci kashi 10 cikin ɗari na kuɗin babba yake biya a tafiyar ƙasa da ƙasa. Yaro daga shekara 2 zuwa 11 yana samun kujerarsa, kuma kamfanoni da yawa kan rage masa kusan kwata. Daga 12 ya zama babba. A ce tikitin babba naira ɗari ne kafin haraji: uba da uwa da 'ya mai shekara 13 da ɗa mai shekara 7 da jaririya mai wata 18 za su tashi a naira 385, ba 500 ba. Ranar tafiya ake dubawa, ba ranar sayen tikiti ba. Saboda haka yarinyar da za ta cika 12 a ƙarshen Agusta, tafiyar farkon wata ta fi wa mahaifinta sauƙi, jaririn da zai cika shekara 2 ana can kuwa sai an saya masa kujera a dawowa.

A wannan zaman ne za a fito da fasfo a duba. Kowane ya zama yana da aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma kowane yaro da nasa, har na goye. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Masar, ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Dalilin sa wannan a gaba shi ne tikiti mai araha kusan kullum shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa. Wanda ya saye shi kafin biza ta fito ya ɗora kuɗin mutum biyar a kan hukuncin da ba shi zai yanke ba. Abin yi shi ne a kama kujera ta hannun ejan ba tare da an biya ba, a kama otal mai barin mutum ya soke kyauta, a nemi biza da waɗannan takardu, sannan a biya in ta fito.

Sai zaɓen lokaci, kuma a nan yawancin rangwamen yake. Masu yawon buɗe ido sun fi cika Masar daga Oktoba zuwa Afrilu, lokacin sanyi, farashi kuma kan kai ƙololuwa a makon Kirsimeti da sabuwar shekara. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 35, Turawa su ja baya, otal-otal da yawa su sauko. Wannan ya zo daidai da dogon hutun makarantun Najeriya, kuma wanda ya sha ranar Afrilu a Kano ko Sakkwato, zafin Alƙahira ba zai ba shi tsoro ba. Fita da sassafe da kuma bayan La'asar ya wadatar. Sai dai a lokacin ne iyalai daga ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha ke zuwa hutu, gidajen haya masu kayan ɗaki a unguwanni irin su Muhandisin da Dokki su yi tsada. Daga ɓangaren Kano kuma akwai abin da shafukan intanet ba sa faɗa wa mutum: azumi. Masu Umara da yawa ta Alƙahira suke bi zuwa Jidda, kujeru su cika, farashi ya hau. Mai tafiyar hutu ya kauce wa Ramadan, musamman goman ƙarshe, da kwanakin da ke gab da Sallah.

Bayan an tsayar da wata, a buɗe Google Flights ko Skyscanner. Kada a sa rana ɗaya a tsaya a kanta. Dukansu suna da kalandar da ke nuna farashin kowace rana a wata, kuma sau da yawa matsar da tafiya da kwana ɗaya ko biyu kan sauke kuɗi sosai. Suna kuma da wurin da ake dannawa su riƙa aiko da saƙo duk lokacin da farashi ya motsa. A kunna shi tun saura wata uku, a zuba ido mako biyu ko uku. Bayan haka mutum ya san farashin yau da kullum na hanyar, in rangwame na gaske ya zo zai gane shi.

Akwai wata dabara da ta shafi masu iyali kai tsaye. Kujerun jirgi kashi-kashi ake sayar da su, kowane kashi da farashinsa, ko da kujerun iri ɗaya ne. In saura kujera uku a kashi mai araha, mutum ya nemi biyar, na'urar ba za ta ba shi uku masu araha da biyu masu tsada ba. Duka za ta ɗora su a kashi na gaba. Don haka a fara nema da mutum ɗaya, a rubuta farashi, sannan a sa iyali duka a kwatanta kuɗin babba. In an ga bambanci, ana iya raba saye gida biyu: uwa da ƙananan yara a takarda ɗaya, uba da babbar 'ya a ɗaya. Kowace takarda da babban mutum a cikinta, sannan a kira kamfanin a ce iyali ɗaya ne, don in an canza jirgi kada a raba su.

Daga nan a gwada hanyoyi. Ethiopian Airlines na tashi daga Kano ta bi ta Adis Ababa, Qatar Airways ta Doha, wani lokaci kuma tikitinsu kan zo ƙasa da na jirgin kai tsaye. Tashi daga Abuja ma yakan fi sauƙi a wasu ranaku. Amma araha ba ta ado. Daga Kano zuwa Abuja ya fi kilomita 400, ga kuɗin mota na mutum biyar zuwa da dawowa, ga yiwuwar kwana a otal in jirgin na asuba ne. Jiran awa takwas a filin jirgin wata ƙasa da yara uku yana da nasa kuɗin abinci, ban da gajiyar da za ta cinye ranar farko ta hutun. In bambancin bai taka kara ya karya ba, jirgin kai tsaye ya fi wa mai ƙananan yara. A duba kaya kuma: tikiti mafi araha wani lokaci jaka ɗaya mai kilo 23 ya yarda da ita, na sama da shi biyu, kuma kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi ba shi da tausayi. Uwargidan da ke da niyyar sayen abayoyi da turare a kasuwar Khan al-Khalili ta san wanda za ta zaɓa.

Wajen biya, a kwatanta wuri uku: shafin kamfanin jirgin, shafukan Najeriya masu karɓar naira kamar Wakanow da Travelstart, da ejan na gari. Katin naira ya daina aiki a shafukan waje a yawancin bankuna tun 2022, a 2025 wasu suka dawo da shi amma da iyaka, don haka a tambayi banki kafin a dogara da shi. Ejan nagari yana da amfani sosai, shi ne wanda za a kira da tsakar dare in jirgi ya canza lokaci. Amma kama kujera daban, sayen tikiti daban, kuma a tsakanin nan ake cutar mutane. Bayan an biya, a karɓi lambar ajiye kujera mai harafi shida da lambar tikiti mai alƙaluma 13 ta kowane matafiyi. Ta EgyptAir da 077 take farawa, ta Ethiopian da 071, ta Qatar da 157. A shiga shafin kamfanin da kai a ga sunayen sun fito, kuma kowane suna harafi da harafi yadda yake a fasfo. Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne a unguwa, a wurin ma'aikacin jirgi kuwa mutum biyu ne.

Otal kuma unguwa ake fara zaɓa kafin ɗaki. Alƙahira da kewayenta na da mutum fiye da miliyan 20, cunkoson motocinta kuma sananne ne. Ƙananan otal-otal da ke daf da dalolin Giza suna da araha, kuma shan shayi a saman bene ana kallon dala abu ne da yaro ba zai manta ba, ga sabon Babban Gidan Tarihin Masar da aka buɗe a Nuwamba 2025 a kusa. Amma daga can zuwa Azhar tafiya ce mai cin lokaci da kuɗin tasi kullum. Tsakiyar gari, wajen dandalin Tahrir, ya fi kusa da komai: tsohon gidan tarihi da aka buɗe a 1902, bakin Nilu, da tashar Sadat ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda yake da araha kuma da taragun mata zalla. Madinat Nasr ta fi kusa da filin jirgi, kuma nan ɗaliban Azhar daga Najeriya da Nijar suka fi yawa, mai ɗan'uwa a can ya sami jagora. Tsarin da ya fi dacewa da mako guda shi ne kwana biyu a Giza, sauran a tsakiyar gari ko Dokki.

A Booking.com ko Agoda, a sa adadin yara da shekarunsu na gaskiya. Ɗakin mutum biyu da aka shiga da biyar yakan ƙare da gardama a wurin karɓar baƙi da biyan ɗaki na biyu a farashin ranar. A kwatanta ɗakin iyali, da ɗakuna biyu, da gida mai kicin a Airbnb. Ga mutum biyar a kwana bakwai, gida yakan fi sauƙi, kuma uwa na iya dama wa jariri kunu ba tare da roƙon ruwan zafi ba. Abincin titi ma, irin su koshari da ful da ɗa'amiyya, yana da araha yana kuma riƙe ciki.

Tarko biyu ne a Masar da ya kamata a sani. Na farko, wasu farashin masu kyau an rubuta a jikinsu cewa na 'yan ƙasa ne da mazauna kawai. Baƙon da ya kama irin wannan, in ya miƙa koren fasfo sai a sake masa lissafi. Na biyu haraji: akwai kashi 14 na harajin kaya da kashi 12 na hidima, kuma ba kullum suke cikin adadin da ke fitowa a shafin farko ba. A bi har shafin ƙarshe a ga jimilla. Otal da yawa kuma kuɗin waje suke karɓa daga baƙi, a tambaya tun daga gida. Sharhin waɗanda suka kwana a wurin, na watannin baya-bayan nan ake karantawa, ana neman abu uku: esi, ruwa, da lif. Ƙananan otal-otal na tsakiyar gari da yawa a hawa na biyar ko na shida na tsofaffin gine-gine suke, kuma hawa da jarirai da jakunkuna ranar da lif ya tsaya ba hutu ba ne.

In an sami wanda ya kwanta a rai, a aika wa otal ɗin saƙo kai tsaye, a faɗi yawan kwana da yawan mutane, a tambayi farashinsu. Shafukan nan suna yankar kamasho a kan kowane ɗaki, don haka ƙaramin otal kan yarda ya rage, ko ya ƙara karin kumallo, ko ya aiko mota filin jirgi. Duk abin da aka amince a sa shi a rubuce. Da yake an kama ɗaki mai soke kyauta, a sake leƙa farashi saura mako biyu. In ya sauka, a kama sabon kafin a saki tsohon.

Saura mako guda, a buga komai a takarda: tikiti, shaidar otal da adireshinsa da rubutun Larabci don direba, takardun haihuwar yara, da takardar aure ko da ba za a tambaya ba. A tanadi katin banki mai aiki a waje, domin manyan wuraren tarihi irin su Giza da kati suke sayar da tikitin shiga, ba da tsabar kuɗi ba, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 6 kyauta suke shiga. A sauke manhajar Uber ko Careem tun a Kano, a sayi layin waya a zauren isowa na filin jirgin Alƙahira, don a san kuɗin mota kafin a ɗora jaka ta farko a but.