Darasi na 14: Gishiri da kanwa a rubutun kimiyya

A kasuwar Tarka makiyaya suna sayen gishirin Bilma da kanwa domin raƙuma da shanu. Yau za mu koyi yadda masana suke rubuta su.

Gishiri haɗin ƙwayoyi biyu ne da ake kira iyon. Sodiyom yana da ƙari ɗaya: Na⁺. Kulor yana da ragi ɗaya: Cl⁻. Ga doka: tilas ƙari da ragi su yi daidai. Ɗaya ya ishi ɗaya, sai mu rubuta NaCl.

Kanwa kuwa tana ɗauke da karbonat, CO₃²⁻, mai ragi biyu. Don haka sai an ba shi sodiyom biyu: Na₂CO₃.

A rubutu, mai ƙari ke gaba. A sunan faransanci, mai ragi ke gaba: chlorure de sodium.

Hattara, yara! Sodar yin sabulu, NaOH, ita ma fara ce kamar gishiri, amma tana ƙona fata da maƙogwaro. Ku karanta rubutun buhu kafin ku taɓa.

Aiki
1. Kalsiyom Ca²⁺ ne. Ku rubuta haɗinsa da karbonat.
2. Kulor nawa yake bukata?